Auna Taurin Cikon Haƙori a Lokacin da Haske ke Sandarar da Shi

Cikon nan mai launin haƙori da likitoci ke toshe kogon haƙori da shi yana shiga baki ne da laushi, sannan a haska masa shuɗiyar fitila na daƙiƙa 20 zuwa 40, ya sandare har a iya tauna abinci a kansa. Ɗaya daga cikin manyan sinadaransa, wanda ake kira Bis-GMA, Rafael Bowen ne ya haɗa shi a Amurka a farkon shekarun 1960, kuma ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi da ake kira monoma, waɗanda ke sarƙafewa da juna su zama folima, wato dogayen sarƙoƙi masu haɗe kamar ragar kamun kifi. Abin da ke tayar da wannan sarƙafewa shi ne wani sinadari mai suna kamfokwinon, wanda ke shan shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470.

Domin sanin abin da ke faruwa a cikin waɗannan daƙiƙoƙi, masana kan yi amfani da riyomita, na'urar auna kwarara da tauri. Ana matse ɗan ciko tsakanin faranti biyu, na ƙasa na gilashi ne domin haske ya ratsa ta cikinsa, na sama kuwa yana murɗawa hagu da dama kaɗan-kaɗan, yadda ba zai tsinka sarƙoƙin da ke ƙulluwa ba. Na'urar tana fitar da alƙaluma biyu, ɗaya na ƙarfin da cikon ke riƙewa ya mayar, wanda shi ne ma'aunin taurinsa, ɗaya kuma na ƙarfin da ke salwanta wajen kwarara. Da farko na biyun ne ke rinjaye, amma da zarar an kunna fitila sai na farkon ya yi ta hawa har ya zarce shi, kuma dab da mahaɗarsu ne ake samun gaɓar daskarewa, inda ragar ta game cikon baki ɗaya. Winter da Chambon sun fayyace ƙa'idar gano wannan gaɓa a 1986.

Muhimmancin gaɓar yana ga tsukewa, domin ciko kan rage girma da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari yayin sandarewa. Kafin ya daskare, yana iya malala ya cike gurbin da tsukewar ta bari, bayan nan kuwa sai ya riƙa fizgar bangon haƙori, wanda hakan kan buɗe ƙaramar kafa da ƙwayoyin cuta ke bi, ko ya bar majiyyaci da tsamin haƙori. Wannan na cikin dalilan da suka sa likita ke zuba cikon da aka saba hawa-hawa, kowane hawa bai wuce milimita 2 ba, yana haska ɗaya kafin ya ɗora wani. Awon da aka yi bayan ciko ya gama sandarewa taurinsa kawai yake nunawa, alhali ingancin zamansa a haƙori ya danganta ne da lokacin da ya daina kwarara, shi ya sa dole a auna shi fitila na kunne.