Wahalar Abin Hawa A Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da misalin ƙarfe bakwai na safe, zai ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Ga malaman makaranta riƙe da littattafai, ga akawuna masu nufin Sakatariyar Audu Bako, ga 'yan makaranta, ga matan da suka kwana jinya suna neman komawa gida, kowa ya miƙa hannu yana tsai da abin hawa. Titi kuwa cike yake, ba ya yankewa. Amma abin da zai ɗauki mutum ya kai shi inda za shi, a kan lokaci, bisa kuɗin da ya sani tun daga gida, shi ne ya yi wuya.

Dattawan da suka yi aikin En'e sun san Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna ƙauyuka a bayan ganuwa, gonaki na kewaye da su. A wancan zamani mai zuwa birni ko dai ya taka da ƙafa, ko ya hau jaki, in kuwa ma'aikaci ne ya hau kekensa ya shiga ta Ƙofar Nassarawa. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 sai gari ya yi ta tumbatsa, ya bi titin Zariya da na Maiduguri, har ya haɗiye su duka. Yau Tarauni ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 10, hedkwatarta na Unguwa Uku, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a cikinta, a fili mai murabba'in kilomita 28 kacal. Sunan Ƙauyen Alu, ɗaya daga cikin mazaɓun nan, ya isa ya tuna wa mutum yadda wurin yake a dā. Gidaje sun yi ta tsirowa a gonaki, amma ba a tsara yadda masu gidajen za su riƙa fita da komowa ba.

An daɗe ana dogara da hayis da tasi, daga baya acaɓa ta shigo ta mamaye ko'ina. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, aka sa musu sunan shirinta na A Daidaita Sahu, sunan kuwa ya bi su har yau. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni da kewaye. Daga nan a daidaita sahu ta gaji kusan dukan nauyin jigilar jama'a.

Ba mu raina ta ba. Tana shiga lungun da mota ba ta shiga, kuma gidaje masu yawa daga gare ta suke ɗora tukunya. Amma mutum uku ko huɗu take ɗauka, kuɗinta sai yadda aka yi ciniki, ba ta da lokacin tashi, ba ta da hanya tsayayya. Ranar da masu ita suka tafi yajin aiki, kamar yadda suka yi a Fabrairun 2021 da Janairun 2022 a kan harajin hukumar KAROTA, an ga yadda Kano ta koma tafiyar ƙasa, tsoho da yaro. Birni mai girman Kano bai kamata a ce ƙafarsa ɗaya ba ce.

To, a duba halin malamin da ke zaune a cikin Darmanawa ko Unguwar Gano, makarantarsa kuwa tana wani gefen gari. Sai ya hau ɗaya ya fito bakin titi, sa'an nan ya nemi wata ta ƙarasa da shi. Hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, watau huɗu ke nan a yini. In ya yi kwana 20 yana aiki a wata, ya biya kuɗin hawa sau 80. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowane hawa ɗaya ya ƙara nauyi. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma mai lissafi ya san inda kaso mai tsoka yake zurarewa. Da damina abin ya fi muni, gama in ruwa ya kwanta a layi, mai a daidaita sahu ko ya ƙi shiga, ko ya ninka kuɗi. Malami ya makara, darasin farko ya wuce, asarar kuwa a kan yara ta faɗa.

Ba a ce gwamnati ba ta taɓuka kome ba. An buɗe gadar Dangi a 2021, ta Hotoro kuma a 2023, sun rage cunkoso ƙwarai. Sai dai gada mai mota take yi wa amfani, ba ta ɗaukar wanda ba shi da ita. A ƙarshen 2022 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta fito da motocin Kanawa, aka ba da sanarwar bas 100 da tasi 50, har aka hana a daidaita sahu bin hanyoyin Gezawa da Gwarzo. Jama'a suka koka, ba a daɗe ba aka janye dokar. Abin lura a nan shi ne, an fara da hani tun mutane ba su ga motocin sun wadata ba.

Sayen bas shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Abin da ke kashe motocin gwamnati a ƙasar nan sananne ne: babu garejin gyara, babu kayan gyara a ajiye, kuɗin da kwandasta ya tara ba ya isa baitulmali cikakke. A nan ne aikin akawu yake. Tikiti mai lamba, littafin shigar kuɗi na kullum, da wani kaso da za a riƙa warewa domin taya da baƙin mai tun mota tana sabuwa. Ma'aikatan baitulmalin En'e da irin wannan tsantseni aka san su, kuma ba wani sihiri ba ne. A Ikko, da aka fara manyan bas masu layinsu na kansu a 2008, hanya ɗaya aka soma da ita, aka tsai da tashoshi da kuɗi, sa'an nan aka ƙara.

Mu ma a ganinmu a soma da kaɗan. Layi ɗaya ya tashi daga tashar Unguwa Uku, ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da Dangi zuwa Sabon Gari. Wani ya tashi daga Hotoro, ya bi titin Maiduguri ya ratsa Tarauni. A rubuta lokacin tashi da kuɗin kowane zango a allo, da boko da ajami, a tsananta yawan motoci tsakanin ƙarfe shida da rabi da takwas na safe, da kuma lokacin tashi daga makaranta. Masu a daidaita sahu kuwa a zauna da shugabanninsu tun farko, a bar musu jigilar cikin unguwa zuwa bakin tasha, don kada su ga an zo raba su da abincinsu.

Ƙaramar hukuma ma tana da nata rabo. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da tashoshin mota, da layukan unguwa, da magudanun ruwa. Rumfar jira a ƙofar asibiti da bakin kasuwar Tarauni, da cike ramukan layin da a daidaita sahu za ta bi ta fito da mutane, duk ba sa bukatar jiran Abuja. Malamai da akawuna su ne suka fi kowa iya tattara bayani. Kowane shugaban makaranta yana da rajistar da ke nuna waɗanda suka makara da unguwar da suka fito. In aka haɗa wannan aka miƙa wa kansila da dagaci kafin a zauna kasafin kuɗin baɗi, mai tsara layi zai san inda zai fara kafa tasha.