Amsar Wasiƙunku: Me Ya Haɗa Ɗalibin Jirgin Ruwa Da Karatun Lantarki?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Kurmi, mazaunin unguwar Koki cikin birnin Kano. Ya ce ɗansa ya sami shiga makarantar koyon aikin jiragen ruwa, yana karanta fannin sufuri da sarrafa kaya, amma da ya zo hutu sai ya ga littattafansa cike da zanen wayoyi da batura. Shi ne yake tambaya: shin aikin jirgi aka tura yaron nan ya koyo, ko gyaran rediyo? In gyaran rediyo ne, in ji shi, ai da ya kai shi wajen mai gyara a bakin kasuwa ya huta da kuɗin makaranta.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Kwantar da hankalinka, yaro bai saki hanya ba.

Ka tuna zamanin da fatake ke tashi daga Kurmi su nufi Gwanja sayen goro. Madugu ba ya kama hanya sai da jagaba, wanda ya san rijiyoyi da mashigai, ya kuma san taurari. Jirgin ruwa na yau shi ma yana da jagaba, sai dai nasa na'urori ne, kuma dukkansu da wutar lantarki suke aiki. Akwai wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, masu shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, ta gaya wa matuƙi daidai inda yake. Akwai rada, mai hango wani jirgi ko tsibiri cikin duhu da hazo. Akwai kuma mai auna zurfin ruwa, wadda aikinta kamar amsa-kuwwa ne in ka yi magana cikin rijiya. Tana tura sauti ƙasa ta jira ya dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, saboda haka in ya je ya dawo cikin daƙiƙa ɗaya, zurfin wurin mita 750 ke nan.

Kuma a tsakiyar teku babu layin wuta daga gari. Jirgi da kansa yake samar da wutarsa da manyan injinan janareta, galibi mai ƙarfin bolt 440, wato kusan ninkin ta gidajenmu, wadda take wajen 230. Da ita ake kunna famfunan da ke kai wa babban injin mai da ruwan sanyaya shi, da ita ake juya ƙarfen da ke karkata jirgi dama ko hagu. Wuta ta ɗauke, jirgi ya zama gungume a kan ruwa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ake koya musu a farkon karatu. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko a fadama ya riga ya san rabinsa. Ka ɗauki injin ban-ruwa da tiyonsa. Ƙarfin da injin ke tunkuɗa ruwa da shi, a lantarki shi ake kira bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ne amfiya. Matsin tiyon kuwa, wato yadda ƙanƙantarsa ko lanƙwasarsa ke hana ruwa wucewa, shi ake aunawa da om. Sunayen nan uku duk na mutane ne. Volta, mutumin Italiya, shi ya ƙirƙiro batir a 1800. Ampère Bafaranshe ne. Ohm kuwa malamin makaranta ne a Jamus, kuma a 1827 ya fitar da ƙa'idar da ta haɗa ukun: ka raba bolt da om, sai ka sami amfiya. Batirin mota bolt 12 ne. In ka haɗa shi da abin da matsinsa om 6 ne, amfiya 2 za ta bi wayar. In matsin ya ragu zuwa om 1, amfiya ta hau 12, waya ta fara zafi. Don haka ake sa fiyus, ɗan siririn ƙarfe da zai narke ya yanke wuta kafin waya ta kama. Masu ɗaure fiyus da zaren waya mai kauri don kada ya riƙa ƙonewa, ku ji da kyau, gadin gidan kuka kora.

Sai yadda ake jera abubuwa. Rediyonka mai cin batir huɗu, kowane bolt ɗaya da rabi, an jera su kai da gindi sun ba da bolt 6. In ɗaya ya mutu, ko ƙarfen da ke danne shi ya yi tsatsa, rediyo ya yi shiru ko da sauran ukun sababbi ne. Ƙwayayen fitilar gida kuwa kowanne da hanyarsa, shi ya sa ɗaya ke ƙonewa sauran na ci. Daga nan ake wucewa ga bambancin wutar batir, mai tafiya gaba ɗaya, da wutar janareta, mai kai da komo, da ƙananan kayan da ke mai da wannan ta zama waccan, irin waɗanda ke cikin cajar wayarka ta hannu.

Kada ka raina maganar tsatsa da sako-sakon waya. Ran 26 ga Maris, 2024, wani ƙaton jirgin kwantena mai suna Dali, tsawonsa kusan mita 300, yana fita daga tashar Baltimore a Amurka da dare, sai wutarsa ta ɗauke. Famfuna suka tsaya, babban injin ya mutu, jirgin ya tafi da nauyinsa ya daki ginshiƙin wata babbar gada ta rufta. Ma'aikata shida da ke gyaran titi a kanta suka rasu. Da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gama aikinta a 2025, sai ta ce waya guda ɗaya ce da ba ta zauna daram a mazauninta ba ta jawo ɗaukewar wutar. Dokar teku ta duniya ta wajabta wa manyan jirage janaretan ko-ta-kwana da zai tashi da kansa cikin daƙiƙa 45, amma a bakin gada daƙiƙa 45 lokaci ne mai tsawo.

Za ka ce, to ai wannan aikin injiniya ne. Gaskiya ne, jirage na da injiniyoyinsu, kuma tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyar horar da ma'aikatan teku a Manila a 2010 aka amince da muƙamin jami'i na musamman mai kula da lantarki. Ba a koya wa ɗanka don ya karɓi aikinsu. Amma wanda ke tsaye a ɗakin tuƙi da ƙarfe biyun dare, in allo ya nuna abin da hankali bai ɗauka ba, dole ya iya gane ko teku ce ta sauya ko na'ura ce ke ƙarya. Haka kuma kiran neman agaji. Tun 1 ga Fabrairu, 1999, manyan jirage suka bar dogaro da tsohon saƙon buga-buga na ɗan waya suka koma na'urorin rediyo da na tauraro, kuma jami'an tuƙi ne ke riƙe da su.

Wanda ya karanta sarrafa kaya kuwa, mai yiwuwa ba zai taɓa kwana a teku ba, a tasha zai yi aiki. Can ma lantarkin na jiransa. Kifin ƙanƙara da ake kawowa kasuwanninmu cikin kwantena mai firji yake zuwa, a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma sai an jona shi da wuta a jirgi da kuma a tasha. In manaja bai san yawan kwantenan da janaretansa zai iya ɗauka ba, kayan mutane ne za su ruɓe. A ganinmu ma wannan dalili ya fi kusa da kai, Alhaji, don kai ɗan kasuwa ne, ka san halin wanda ke sa hannu a takardar kuɗin gyaran abin da bai fahimta ba.

Ga sauran masu sauraro da ke sha'awar fannin, babbar makarantarsa a ƙasar nan tana Oron a Jihar Akwa Ibom, ta fara aiki a 1979. A nan kusa akwai cibiyar koyon fasahar sufuri ta Zariya, wadda aka kafa a 1986. Kuma aikin ba lallai sai a Legas ko Fatakwal ba, tunda an buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018, an kuma buɗe ta Dala a Zawachiki, nan Kano, a Janairun 2023.

Idan yaron ya sake zuwa hutu, ka saya masa ƙaramar mitar gwajin wuta, irin ta masu gyaran rediyo. Ka sa shi ya auna maka batirin mota ko na sola. Lafiyayyen batir mai bolt 12 da ya cika caji zai nuna wajen 12.6. In ya nuna ƙasa da 12, ka ce ya yi maka bayanin dalili. Wutar bango dai kada ya taɓa ta sai da malaminsa a kusa.