Sutcliffe da Masuntan Whitby

 Yau mun nufi Whitby, garin masunta a gaɓar tekun arewa maso gabashin Ingila, a zamanin Sarauniya Biktoriya.

Jirgin ƙasa ne ya riƙa kwaso masu hannu da shuni zuwa shan iska a garin, kowa na son ya koma gida da hoton teku da kangon tsohuwar majami'ar da ke kan tudu. A nan Frank Meadow Sutcliffe, haifaffen 1853, ya buɗe shagon hoto. Baƙin nan su ne abincinsa. Amma da ya sami sarari sai ya saɓi kyamararsa, ƙaton akwatin katako mai ƙafa uku da farantan gilashi, ya gangara bakin ruwa wurin waɗanda ba su da kuɗin hoto: masunta, da matansu masu sa koto a ƙugiya, da yaran da ke wasa cikin kwale-kwale.

To, hoton da ya fi taɓa ni shi ne na Henry Freeman. Ku saurara da kyau. Ranar 9 ga Fabrairun 1861 guguwa ta taso, jirage suka yi ta faɗawa gaɓa. Jirgin ceton garin ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, daga ƙarshe igiyar ruwa ta kifar da shi a kan idon mutanen gari. Mutum 12 suka halaka. Freeman kaɗai ya tsira, shi kaɗai, domin shi ne ke sanye da sabuwar rigar ceto da aka yi da ɓawon wata bishiya mai tasowa saman ruwa. Shekaru bayan haka Sutcliffe ya ɗauke shi da irin rigar a ƙirji, gemu ya cika fuska. Talaka ne, da can tubali yake bugawa, amma albarkacin wannan hoto yau duniya ta san kamanninsa. Masu zuwa kallon kyawun teku sai ga su ido da ido da mutanen da tekun ke cinye wa 'yan'uwa.

 A 1886 hoton da Sutcliffe ya ɗauka na yara tsirara suna wanka a tashar jirage ya tada ƙura, limaman cocin garin suka yi tir da shi, Yarima mai jiran gado kuwa ya sayi kwafi. A 1922 Sutcliffe ya bar shagon ya koma kula da gidan tarihin Whitby, yana wannan aiki har 1941, shekarar da ya rasu.