Rumbu da bashi: tsakanin Yamai da Abuja, wa ya fi arziki?

Mutumin Magariya ko na Dungas ba ya bukatar jarida ta gaya masa halin da kuɗin ƙasashe biyu suke ciki, domin duka biyun suna cikin aljihunsa. Da sefa yake biyan haraji da kuɗin takardu, da naira kuma yake cinikin dabba ran Alhamis a kasuwar Maigatari, ko ya sayo kaya in ya tsallake Tinkim ya shiga Babban Mutum. Dattawan wannan yanki sun ga zamanin da naira ɗaya ta fi sefa 300 a farashin banki, wajen shekara ta 1980. Sun kuma ga shekara ta 2024, inda jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000 a hannun ƴan canji. Wannan juyi ne ya sake tayar da tsohuwar gardama a majalisun hira: shin wace gwamnati ta fi arziki? Wasu su ce ta Abuja mana, mai rijiyoyin man fetur da mutane fiye da miliyan 200. Wasu su ce a'a, ai ƙarfin kuɗi shi ne shaida, kuma namu ne ya tsaya da ƙafafunsa.

To, masu karatu, manomi ya riga masana tattalin arziki sanin yadda ake auna wannan abu. In za a faɗi ƙarfin maigida a ƙauye, ba girman gonarsa kaɗai ake dubawa ba. Ana duba dami nawa ya rage a rumbunsa lokacin bazara, ana duba nawa ake bin sa, ana kuma duba ko hatsin da ke cikin rumbun nasa ne, ko kuwa ya riga ya cinye kuɗinsa tun yana tsaye a gona. Haka nan ake auna gwamnati. Rumbunta shi ne ajiyar kuɗin waje, wato dalar Amurka (ba dalar gida mai tamma biyar ba), da yuro, da zinariya, waɗanda babban bankin ƙasa ke riƙewa. Ba kuɗin baitulmali ba ne da ake biyan albashi da su. Da su ake sayo shinkafa da magani da taki da kayan gyaran mota daga waje, da su kuma ake biyan bashin ƙetare. Bisa al'ada, ana son ajiyar ta isa sayayyar wata uku a ƙalla, ko da kobo bai shigo ba.

In girman rumbu ne kaɗai ma'auni, da gardama ta ƙare tun da wuri: Sin tana da ajiyar da ta haura dalar Amurka miliyar 3,000, Japan tana da fiye da miliyar 1,000. In kuwa rashin bashi ne, da Amurka ce matalauciyar duniya, tunda bashin gwamnatinta ya wuce dala miliyar 35,000 a shekara ta 2024. Ita kanta Japan, bashin gwamnatinta ya ninka dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, amma ba wanda ya ga wakilan FMI sun je Tokyo suna gindaya sharaɗi. Dalili kuwa shi ne, mafi yawan bashin nan Japanawa ne ke bin gwamnatinsu, da kuɗin ƙasarsu, a kan ruwa kaɗan. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Abin tambaya shi ne wa ke bin ka, da wane kuɗi za ka biya, kuma nawa biyan ke ci cikin abin da kake samu.

Rumbun maƙwabciya

Mu fara da Najeriya. A watan Oktoba na 2005, zamanin Olusegun Obasanjo, ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta cimma yarjejeniya da ƙasashen Kulob ɗin Paris, waɗanda ke bin Najeriya wajen dala miliyar 30. Aka yafe miliyar 18, Najeriya ta biya miliyar 12 da wani abu, ta gama a watan Afrilu na 2006. Ba ƙasar Afirka da ta taɓa sauke irin wannan kaya lokaci guda. Farashin mai yana ta hawa, a 2008 ajiyar Babban Bankin Najeriya ta haura dala miliyar 60. An kuma buɗe wani asusu tun 2004 domin tara rarar kuɗin ɗanyen mai, wanda ya kai wajen miliyar 20.

Asusun nan bai daɗe ba. Gwamnonin jihohi suka ce tsarin mulki bai san shi ba, a raba. Gwamnatin tarayya ita ma ta riƙa ɗiba. A 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. A wannan shekara bashin waje ya sake haura miliyar 40, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa biyan bashi ya lashe fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Abin lura, in aka gwada bashin da dukiyar ƙasa ta shekara, na Najeriya bai wuce na Nijar ba a lokacin. Gonar babba ce, abin da ke isa hannun gwamnati ne kaɗan.

Sai kuma maganar hatsin da aka riga aka ci kuɗinsa. A ƙarshen 2023 takardu sun nuna ajiyar Najeriya dala miliyar 33. Amma a watan Afrilu na 2025 babban bankin da kansa ya bayyana cewa, in aka cire abin da aka jinginar da alkawuran da lokacin cika su ya matso, abin da ya rage a ƙarshen 2023 ɗin bai cika miliyar 4 ba. A ƙarshen 2024 ne ya farfaɗo ya kai miliyar 23. Ashe ƴan canjin bakin iyaka sun riga kowa karanta wannan lissafi. Lokacin da aka saki naira a watan Yuni na 2023, ta faɗo daga wajen 460 a dala ɗaya, ta wuce 1,500 a farkon 2024, mai kai rago Maigatari ya ji abin a jikinsa: yana karɓar takardun naira cike da jaka, in ya canza su sefa sai ya ga ragon ya rame a hanya.

Namu rumbun na gandu ne

Nijar kuwa ba ta da rumbu nata ita kaɗai, kuma nan ne masu cewa ƙarfin sefa shaidar arzikinmu ce suke kuskure. Ƙasashe takwas ne ke zuba kuɗin wajensu wuri guda, a bankin BCEAO mai cibiya a Dakar: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine-Bisawo, Mali, Senegal da Togo. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, Faransa kuma ta tsaya mata lamuni. Saboda haka jikar da ke aljihun ɗan Dungas, kokon Kodebuwa da zinariyar Mali da audugar Benin suna cikin abin da ke tallafe da ita. Rumbun gandu ne: ƙaramin ƙane yana ci ko da kaka ba ta yi masa kyau ba. Wannan alheri ne na gaske, bai kamata a raina shi ba, domin shi ya hana farashin kaya a Damagaram yin irin tsallen da ya yi a Kano.

Sai dai mabuɗin rumbun gandu ba a hannun ƙane yake ba. Shekara da shekaru ana ajiye kashi 65, daga baya kashi 50, na wannan ajiya a baitulmalin Faransa, har sai da yarjejeniyar Abijan ta watan Disamba na 2019 ta soke wannan tilas. A watan Janairu na 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya: faran ɗin Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100, bashin waje ya ninka a lissafin sefa ba tare da an ƙara ranto ko dala ba. Sannan ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu kacal, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi, aka daskarar da asusun gwamnatin Nijar da ke BCEAO, aka soke rancen sefa miliyar 30 da ake shirin ɗauka a kasuwar yankin. Kuɗin suna nan a rubuce da sunan ƙasa, amma ba halin taɓa su. Kafin a ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, bashin da lokacinsa ya yi ba a biya ba ya haura sefa miliyar 300. Ba ƙananan ƙasashe kaɗai wannan ke samu ba: a 2022 Turawan Yamma sun riƙe wa Rasha ajiyar wajen dala miliyar 300.

Wanda ya ji labarin zamanin Nasara daga bakin kakanni ba zai yi mamaki ba. Bayan yunwar 1931, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka gina rumbunan tsimi: kowane maigida ya zuba nasa rabo, amma ba a buɗewa sai da izinin kwamanda. Dabarar ba ta rasa hikima ba, amma talakawa sun ƙi jininta, domin hatsin da ba ka da ikon ɗiba ran da yaro ke kuka, da wuya ka kira shi naka.

Yadda muka ci bashi

Lokacin samun ƴancin kai, gyaɗa ce ke kawo wa Nijar mafi yawan kuɗin waje, ƙasar Magariya da Matamaye da Maraɗi kuwa su ne uwar gyaɗar. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, shi ke saye ya fitar, a Magariya ma har da masana'antar matse mai. Ke nan guminku, ya ku manoman kudu, shi ne ajiyar farko ta jamhuriya. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa shuka suka kashe wannan kasuwa, daidai lokacin da yuraniyom na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya karɓi ragama. Kuɗi suka shigo zamanin Seyni Kunce, aka ɗauke wa talaka harajin kai, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina manyan benaye a Yamai. Bankunan Turai suka buɗe hannu, mu kuma muka ranta bisa zaton farashin zai dawwama. Daga 1980 farashin ya fara zubewa. A 1983 sai ga Nijar a ƙofar FMI da Kulob ɗin Paris tana neman a jinkirta mata biya. Abin da ya biyo baya ma'aikatan shekarun 1990 ba su manta ba: bankin BDRN ya durƙushe, aka tsuke ɗaukar aiki, malamin makaranta ya yi watanni yana jiran albashi yana cin bashin mai tebur.

A watan Afrilu na 2004 Nijar ta cika sharuɗɗan shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi, a 2006 aka ƙara yafe na Bankin Duniya da FMI da Bankin Raya Afirka, bashin waje ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 na dukiyar shekara. Kamar Najeriya, mu ma allonmu an wanke shi. Kamar Najeriya kuma, mun sake rubutawa. Zuwa 2022 bashin gwamnati ya kai kusan rabin dukiyar shekara. Mahukunta kan ce ai ƙa'idar UEMOA kashi 70 ce, muna ƙasa da ita. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Na farko, wani babban kaso na sabon bashin a kasuwar yankin aka ɗauko shi, mai gajeren wa'adi da ruwa mai tsada, ba irin rancen Bankin Duniya mai shekara talatin ko fiye ba. Na biyu, ita wannan UEMOA ta ce harajin da ƙasa ke tarawa ya kai kashi 20 na dukiyarta, namu kuwa yana yawo ne wajen rabin haka. Na uku, alƙaluman bashi ba wahayi ba ne: a watan Fabrairu na 2025 kotun binciken kuɗi ta Senegal ta gano cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100, alhali an shaida wa duniya kashi 70 da ƴan kai.

Ainihin ƙarfin baitulmalinmu ya bayyana ne a watan Oktoba na 2023, lokacin da masu ba da tallafi suka janye hannu. Dole aka rage kasafin kuɗin shekarar daga sefa miliyar 3,291 zuwa 1,981, wato kashi 40 cikin 100. Abin da aka yanke ɗin nan, mafi yawansa ba namu ba ne tun asali: kyauta ce da rance.

Yanzu fata ya koma kan man fetur. Matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram tana aiki tun 2011, bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da ɗanyen mai a watan Mayu na 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi zai iya sa Nijar ta zama mai zubawa a rumbun gandu, ba mai ɗiba kaɗai ba. Amma tun kafin jirgin farko ya ɗaga, a watan Afrilu na 2024, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin, a kan ruwa kashi 7 cikin 100, da sharaɗin biya da man cikin shekara ɗaya. Ana iya ba da uzuri: baitulmali ya fito daga wata bakwai na takunkumi, masu bin bashi na bakin ƙofa. Manomin ƙasar Magariya da ya taɓa karɓar kuɗin ɗan kasuwa a watan Agusta, a kan zai biya da buhun gero in kaka ta yi, shi ma da uzurinsa ya je. A ƙauyukanmu sunan wannan ciniki "a ci ba daɗi".