Tashe Da Tarbiyyar Zukatan Yaranmu

Harshen Hausa ya bambanta fushi da haushi da takaici, amma yaron da ya fashe da kuka amsa ɗaya yake samu: "Yi shiru!" Muna koya masa kunya da kara, mu bar shi bai san sunan abin da ke cin ransa ba.

A da, tashe kan rage wannan giɓi. Daga goma ga azumi yaro kan manna gemun auduga, ya dogara sanda, ya zama tsoho. Ni a nan na fara sanin tausayi.

A 2024 'yan sanda sun hana tashe a Kano saboda 'yan daba. Hujjarsu karɓaɓɓiya ce. To, me ya hana makarantun firamarenmu su shigo da shi aji?