Tsofaffin Kyamarori: A Kulle Su A Kabad Ko A Sa Musu Fim?

Ran 11 ga watan Yuni na shekarar 2022, a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, aka yi gwanjon wata 'yar baƙar kyamara wadda za ta shige aljihun babbar riga ba wanda ya lura. Masu gwanjon sun yi kirdadon za ta kai Yuro miliyan 2 ko miliyan 3. Amma da masu saye suka ja daga, sai da ta tashi a kan Yuro miliyan 14 da dubu 400, har da la'adar masu gwanjo. Kafin wannan rana ba a taɓa sayen kyamara da tsada haka ba.

Ita dai wannan kyamara ƙirar Leica ce mai lamba 105, tana cikin guda ashirin da 'yan kai da kamfanin Leitz ya ƙera a 1923 domin gwaji, watau shekara biyu kafin a fito da Leica kasuwa a 1925. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne ta Oskar Barnack ce, injiniyan da ya ƙago Leica, sunansa ma yana rubuce a jikinta. Shi ne ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya sa shi cikin kyamarar hannu, har aka huta da dakon manyan akwatuna masu ƙafa uku. Wata 'yar uwarta mai lamba 122 an sayar da ita Yuro miliyan 2 da dubu 400 a birnin Biyana a 2018.

Ba a sa ran wanda ya biya irin waɗannan kuɗi zai rataya kyamarar a wuya ya tafi gidan biki. To amma abin lura, shi Barnack bai ajiye ta a kabad ba. Da ita ya riƙa ɗaukar iyalinsa, yana kuma duba inda ta gaza domin ya gyara a ƙira ta gaba. Ashe kyamarar da ta fi kowace tsada a duniya ta sha hannu ƙwarai.

Nan ne gardamar ta ke tsakanin masu tara tsofaffin kyamarori, waɗanda yawansu ya ƙaru a Turai da Amurka da Japan tun da hoton zamani na wayar hannu ya ture fim. Waɗansu suna ganin kyamara kayan tarihi ce, kowane ƙwarzane da ta samu hasara ce wadda ba ta mayuwa, saboda haka a goge ta a jera a kabad na gilashi. Waɗansu kuwa cewa su ke yi kyamarar da ba ta ɗaukar hoto daidai ta ke da dokin da aka ɗaure a turke har ƙafafunsa suka sage. Duk wanda ya gaji kyamara daga mahaifinsa, ko ya tsinci wata a kasuwar 'yan gwanjo, wannan tambaya tana jiransa.

ABIN DA ZAMA YA KE YI WA ƘARFE

Wanda ya taɓa ajiye agogon hannu mai wani shekara biyar a akwati, sa'an nan ya ɗauko ya ga ya ƙi tafiya, ya riga ya san rabin maganar. Cikin kyamara irin ta da, kamar Rolleiflex ko Nikon F ta 1959 ko Pentax K1000 wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, ƙananan haƙoran ƙarfe ne da sifirin da 'yan sanduna, kamar dai cikin agogo. An ɗiga musu mai da giris kaɗan. Su ne ke sarrafa labulen da ya ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, sa'an nan ya rufe, wani lokaci cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Idan aka daɗe ba a motsa su ba, man ya kan bushe ko ya yi kauri ya zama kamar ƙaro. Sai ka danna, labule ya buɗe ya ƙi rufewa, ko ya rufe da nawa har hoton ya ƙone da haske. Mutum ya ga kyamara tana ƙyalli a waje kamar yau aka ciro ta daga kwali, amma ciki ta daskare.

Akwai kuma soson da a ke liƙawa a gefen murfin baya domin hana haske shiga, musamman a kyamarorin Japan na shekarun 1970 da 1980. Shi wannan ba ruwansa da ko an yi aiki ko ba a yi ba. Shekaru kawai ke narkar da shi ya koma baƙin danƙo, in an yi sakaci ya gangara kan madubi. Batir da aka manta a ciki kuwa ya kan zubar da ruwa ya cinye wayoyi. Ba a cika gane waɗannan abubuwa ba sai ranar da aka buɗe kyamarar za a sa fim, watau mai aiki da tasa shi ne ya ke ganinsu da wuri.

Babban abokin gaba a wannan ƙasa tamu shi ne danshi. A wurare irin su Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda iska ta ke cike da laima kusan duk shekara, fumfuna ta kan tsiro a cikin gilashin kyamara, ta yi zare-zare kamar saƙar gizo. Duhu ta ke so da iskar da ba ta motsi, kuma ba inda ta fi samun su kamar cikin jakar fatar nan da mai kyamara ya ke lulluɓe ta da ita don ƙauna. In ta daɗe ta kan ci fuskar gilashin, ko an wanke tabon ba ya fita. A Kano ko Sakkwato fumfuna ba ta cika damun mutum ba sai da damina, amma ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da giris ta zama kamar yashi a tsakanin haƙora.

Saboda haka ne masu gyara su ke ba da shawara cewa ko da mutum ba zai ɗauki hoto ba, ya riƙa fito da kyamarar lokaci-lokaci, ya ja hannunta, ya danna a kowane mataki na sauri, ya murɗa gilashin gaba da baya, ya bar ta ta sha iska. A cire batir. A raba ta da jakar fata. A ajiye ta tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, irin waɗanda a ke samu cikin kwalin sabon takalmi.

Sai dai masu kabad su ma ba a banza su ke magana ba. Kamfanoni da yawa da suka ƙera waɗannan kyamarori sun bar yin kayan gyaransu, in sifirin ya tsinke sai an yanka wata kyamarar an ciro nata. Leica ta da labulenta na ƙyalle ne mai roba, kuma ba madubi tsakaninsa da gilashi, saboda haka in aka bar ta tana kallon rana ba murfi, gilashin ya kan tara zafi ya huda labulen, kamar yadda yara su ke ƙona takarda da tabarau. Akwai ma'aunin haske na wani sinadari da a ke kira seleniyam, wanda ba ya bukatar batir, amma ƙarfinsa raguwa ya ke yi da shekaru, haske da danshi kuma suna gaggauta mutuwarsa. Irin wannan kam duhu ya fi masa. Waɗansu ma'aunan kuma an yi su ne domin batir mai zaiba, wanda Turai da Amurka suka hana sayarwa a shekarun 1990 saboda guba, sai dai a yi dabara da wani.

Waɗanda suka fi ban tausayi su ne kyamarorin lantarki na ƙarshen zamanin fim. Contax T2 ta yi farin jini wajen samari da 'yan mata a Turai da Amurka bayan 2017, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, alhali kamfanin Kyocera mai ƙera ta ya fita daga sana'ar tun 2005. Ranar da allon lantarkinta ya mutu, da wuya a sami mai tashinta. Ita kuwa Nikon FM2 ta 1982, ko K1000, batir na ma'aunin haske ne kawai; a cire shi ma za su ɗauki hoto. Wannan bambanci ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin ya dubi ƙyalli.

TO INA FIM?

Kyamara ba fim kamar bindiga ce ba harsashi. Kodak ya bar yin Kodachrome a 2009, ya kuma durƙushe da bashi a watan Janairu na 2012, har mutane suka ɗauka zance ya ƙare. Bai ƙare ba. Kamfanin ya farfaɗo a 2013, ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018. Ilford na Ingila bai fasa yin fim fari da baƙi ba. Leica ya sake fito da M6 a 2022, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Amma Canon ya bar sayar da kyamararsa ta fim ta ƙarshe a 2018, Nikon ma ya tsayar da F6 a 2020, don haka yawancin masu ɗaukar hoto da fim a yau tsofaffin kyamarori ne a hannunsu. Kowace aka kulle a kabad an rage ɗaya ke nan daga garken da ba ya haihuwa sosai.

Fim iri biyu ne ya rage a wadace: mai milimita 35, wanda ya kan ba da hoto 24 ko 36, da kuma mai lamba 120, wanda Kodak ya fito da shi tun 1901, wanda Rolleiflex ke ɗaukar hoto 12 da shi. Mai lamba 620 Kodak ya bar yinsa a 1995. Sai dai shi da 120 faɗinsu ɗaya, kwarkwaron da a ke naɗe su ne ya bambanta, saboda haka mai haƙuri ya kan shiga ɗaki mai duhu ya warware 120 ya naɗe a tsohon kwarkwaro. Kada a yar da kwarkwaron da aka samu cikin tsohuwar kyamara.

Masu wankin hoto da a da su ke kowace unguwa yawancinsu sun koma buga hoton waya. Fim fari da baƙi dai ana iya wanke shi a gida da 'yar tukunya mai murfi da magunguna biyu ko uku, amma an fi son ruwan ya tsaya a ma'aunin zafi 20, abin da a watan Afrilu sai an nemi ƙanƙara.

A Afirka ta Yamma, akwai wanda ya tara kyamarori amma ba don ado ba. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya ɗauki samarin Mali a wuraren rawa da bakin kogin Kwara a shekarun 1960 da 1970, ya kuma sami babbar kyauta a bikin zane-zane na Benis a 2007, gwanin gyaran kyamara ne. Da hoto mai launi ya zo ya janye masa kasuwa, gyaran ya taimaka wajen riƙe shagon. Kantocin shagonsa na unguwar Bagadadji cike su ke da tsofaffin kyamarori, jere bisa jere, sun sha ƙura. Ya rasu a 2016. Amma abin da gidajen tarihi na Turai da Amurka suka yi rububinsa shi ne hotunan, da fina-finan da ya wanke ya adana cikin kwalaye da kwanan wata a jiki.

Haka a nan gida. J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi kyamararsa ta fari, Brownie D, a kan fam biyu a 1950. Akwati ce mai sauƙi, ba ta da wani abin murɗawa na a zo a gani. Daga ita ya kai ga aikin ɗakin wankin hoto a Ma'aikatar Watsa Labarai a Badun a 1954, ya buɗe nasa shagon a Ikko a 1975. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen hoto dubu, waɗansu salon ma yau ba a ganinsu sai a hotunansa. Ya rasu a 2014. Da ya ji tausayin fam biyunsa ya naɗe Brownie a tsumma, da ba a san shi ba.

Ko 'yan sama-jannatin Amurka da suka sauka a kan wata tsakanin 1969 da 1972, da lokacin komowa ya yi aka ce a rage nauyi, sai suka ciro akwatunan fim suka bar kyamarorin Hasselblad goma sha biyu a can.

In an auna duka, kyamarorin da suka cancanci kabad ba su da yawa: wadda aka ƙera 'yan kaɗan irin su lamba 105, ko wadda wani sananne ya riƙe kuma akwai shaida a rubuce, ko wadda kayan gyaranta da fim ɗinta suka ɓace gaba ɗaya. Sauran kuwa, irin su K1000 da Canon AE-1 da Yashica da aka ƙera dubbai ko miliyoyi, ƙwarzane ɗaya ba zai rage musu wani abin kirki ba, zama ne zai kashe su. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an buɗe tulun.

Wanda ya gaji kyamara, kada ya yi gaggawar buɗe murfin baya. Ya fara murɗa hannun mayar da fim a hankali. In ya ji nauyi, to akwai fim a ciki, watakila da hotunan da aka ɗauka shekara talatin ko arba'in da suka wuce ba a wanke ba, kuma haske na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ɓata su. Fim fari da baƙi ya kan riƙe hoto shekaru masu yawa ko da ya dusashe. In hannun ja ya cije kada a tilasta shi, kada kuma a ɗiga masa man keken ɗinki. Sa'an nan a bincika sauran kayan mamacin, a ƙarƙashin gado ko cikin adaka, ko akwai ambulan masu ɗauke da fina-finan da aka wanke. A raba su da leda, a sa su cikin takarda mai tsabta, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da garin da shekarar tun da sauran dattawan da za su iya gane fuskokin.