Jirgin shaƙatawa na Senegal da tafkin Madarunfa: Me ya hana Maraɗi cin arzikin ruwanta?

A birnin Saint-Louis na ƙasar Senegal akwai wani tsohon jirgin ruwa mai suna Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a ƙasar Holan a shekarar 1950 domin jigilar fasinjoji da kaya da wasiƙu a kogin Senegal. Da hanyoyin mota suka ƙwace masa kasuwa sai ya bar wannan aiki, har zuwa 2005 da aka dawo da shi kogin a matsayin otal mai tafiya a kan ruwa.

A yau jirgin, mai tsawon fiye da mita 50, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Saint-Louis zuwa garin Podor, tafiyar da ke cin kusan mako guda. Akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci a cikinsa, amma ba su ne ke janyo baƙi daga Turai ba. Abin da suke biyan kuɗi su gani yana bakin gaɓa: gandun tsuntsaye na Djoudj, da tsofaffin gidajen 'yan kasuwa a Dagana, da rugagen Fulani, da kasuwannin ƙauye, da matan da ke wanki a bakin kogi. Wato rayuwar yau da kullum ta mutanen karkara ita ce hajar, jirgin kuwa abin hawa ne.

Matashin da ya tashi a Gangara, ko ta yankin Agye da Gazawa ko ta Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ya san irin wannan rayuwa tun yana goye. Tambayar ita ce, me ya sa wasu ke samun kuɗi da ita, shi kuwa sai ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya?

Gulbin da ke zuwa da damina

Amsa ta farko ruwa ne. Kogin Senegal yana riƙe ruwa duk shekara a yankin da jirgin ke bi, saboda madatsar Diama da aka kammala a 1986. Gulbin Maraɗi kuwa baƙon damina ne. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta yankin Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗe da gulbin Rima. Idan rani ya yi, yashi ne ke rage wa, sai amalanke da babura su maye gurbin kwale-kwale.

Ba a raina shi idan ya kawo. A 1945 ambaliyarsa ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, abin da ya sa aka mayar da garin kan tudu inda yake a yau. Sai dai tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ɓangaren Najeriya, manoman rani na ƙasan gulbin ke kukan raguwar ruwan da ke isowa gare su. Gulbin Kaba, wanda ya yi suna da itatuwan goruba, shi ma mafi yawan shekara kwari ne busasshe. Jirgi irin na Senegal ba shi da wurin bi a nan.

Abin da Madarunfa ke da shi

Amma kilomita 20 da 'yan kai kudu da Maraɗi akwai ruwan da ba ya ƙafewa, wato tafkin Madarunfa. Masunta na shiga da kwale-kwale da taru, tsuntsaye masu ƙaura suna sauka, ga manyan kukoki a dajin da ke kewaye. Ga kuma kaburburan da mutanen yankin ke kira na waliyyai 99, waɗanda ake zuwa ziyara daga sassan Nijar da arewacin Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sanya tafkin da dajin da kaburburan a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Ke nan baƙi suna zuwa, tuni. Mafi yawansu Hausawa ne, masu ziyara da 'yan makaranta da iyalai a lokacin bukukuwa. Abin da ya rage shi ne tsari: kwale-kwale mai rumfa, mai rakiya da ya san tarihin wurin, soyayyen kifi a wuri mai tsafta, da masauki mai kyau. Duka waɗannan ba su buƙatar miliyoyin da ake zubawa a jirgin alfarma, kuma kuɗinsu a hannun 'yan gari zai tsaya.

Tsaro ne uban tafiya

Matsala ta biyu ta fi ruwa nauyi. A can yammacin Nijar, inda kogin Isa ke gudana duk shekara, an daɗe ana ɗaukar baƙi a kwale-kwale daga Yamai zuwa Boubon, garin masu ginin tukwane, wasu kuma su wuce Ayoru kallon dorina da kasuwar Lahadi. Rashin tsaro a jihar Tillaberi ya durƙusar da harkar, musamman bayan harin 9 ga Agustan 2020 a Kure, inda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. A Mali ma, ranar 7 ga Satumban 2023 aka kai wa jirgin fasinja mai suna Tombouctou hari a kan kogin, fararen hula da dama suka rasa rayukansu.

Maraɗi ba ta tsira ba. Gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji suna fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da ke ƙetaro iyaka, kuma tun 2019 suke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Babu mai ɗaukar iyalinsa zuwa shan iska a inda yake tsoron dare ya yi masa a hanya.

Akwai kuma haɗarin ruwan kansa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife kusa da Warra a jihar Kebbi, mutane masu yawan gaske suka nutse. Duk wanda zai ɗauki baƙi a tafki, rigunan kariya daga nutsewa da ƙayyade yawan fasinja su ne jarinsa na farko.

Darasi daga maƙwabta

Argungu ta nuna cewa ba sai da babban kogi ake tara jama'a ba. Bikin kamun kifi na Matan Fada ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma masunta da makaɗa da masu sayar da abinci na garin ne ke kan gaba. Yawuri ma tana da nata bikin Rigata na tseren jirage.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya, wato ta ƙofar Madarunfa. Ranar da jirgin ƙasan ya fara aiki, mutanen Kano da Katsina za su iya zuwa tafkin da safe su koma gida da yamma. Ko kuɗinsu zai shiga aljihun masunta da matasan yankin, ko wani ne daga nesa zai zo ya kafa rumfa ya kwashe, wannan ya danganta ga wanda ya fara shiri tun yanzu, har da 'yan Maraɗi mazauna ƙetare da ke neman inda za su sa jari a gida.